Shinkafata, Sunan Sahabi

Yanzu ba a jiran labari. Kafin ka gama alwala, abin da ya faru a can ƙarshen duniya ya shigo aljihun jikanka, ya fita, wani ya maye gurbinsa. Mu a zamaninmu labari mota yake hawa, kuma a gajiye yake isowa. Lokacin ba a yanke mana jiha ba, muna ƙarƙashin Sakkwato, Birnin Kebbi kuwa gari ne da in baƙuwar mota ta shigo, kafin ta huce kowa ya san wanda ta kawo. Jarida takan iso bayan kwana biyu ko uku da bugawa, ɗaure da igiya a saman kayan wata tsohuwar bas, wani lokaci har da tabon manja a gefenta. A unguwarmu ta Nassarawa mutum ɗaya ke saye, wani tela da muke kira Malam Ango, kuma shi kansa bai san ko harafi ɗaya na boko ba. Saye yake don rumfarsa ta cika. Bayan la'asar sai ka ji keken ɗinkinsa ya yi tsit, ka ji ana jawo benci, wani tsohon duba-gari ya goge tabarau da gefen rigarsa, ya yi gyaran murya sau biyu, ya fara karantawa tun daga shafin farko har zuwa tallan sabulu. Daga cikin gidaje kana jiyo dakan tuwon dare. In an gama, Malam Ango ya yanka gwajin wuyan riga da ita, ragowar ya ba mai tsire. Amma duk wanda sunansa ya fito a ciki, ko da jakinsa ne ya ɓata aka yi cigiya, to sai an shekara ana nuna shi da baki a kasuwa.

Abin da ya tono mini wannan duka wata yarinya ce, Luba, jikar ƙanena Sahabi. A Kaduna aka haife ta, can ta girma, can take jami'a, Hausarta ma ta can ce, in na yi magana sai ta riƙa dariya tana kwaikwayona. Ta sauka gidana da jaka da waya, wai tana haɗa ɗan littafin tarihin gidanmu, za a buga a raba wa dangi a taron zumunci bayan Sallah. Ta ce ta yi makonni a ɗakin da ake ajiye tsofaffin jaridu, tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya tana atishawa.

“Kaka, albishirinka,” in ji ta. “Na samo gidanmu a jarida har sau huɗu.”

Na ce, “Amarya, sau huɗu, kuma dut Sahabi na, ko?”

Ta zaro ido. “Lah! Ya aka yi ka sani?”

Ya aka yi na sani! Bari in faɗa tun yanzu da bakina, don kada wani ya zo daga baya ya ce shi ya gano ni: ina kishin Sahabi. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, bai taɓa zagina ba, bai taɓa cin mini ko ƙwayar gero ba, in na yi ciwo shi ne na farkon zuwa, amma ina kishinsa. Na yi istigfari, na yi sadaka, na je Makka na roƙi Allah a gaban ɗakinsa ya cire mini abin nan, na dawo da shi yadda na tafi.

Ni ne ɗan fari a gidanmu. 'Yan yanzu ba za su gane nauyin wannan magana ba, don yau sai ka ga magidanci da gemunsa ya ɗora ɗansa na fari a wuya yana zagaya kasuwa, yana kiran sunansa da ƙarfi, har yana ƙara masa da wani sunan gayu. Mu a wurinmu wannan rashin kunya ne tsantsa. Uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, ba ya zama da shi tabarma ɗaya, ba ya yabonsa a gaban mutane. Inna ko kallona ba ta yi in da baƙi a tsakar gida. Baba kuwa, tun da na buɗe ido har ya koma ga Mahaliccinsa, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana nemana sai ya ce wa na kusa da shi, “Ina wancan?” Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Haka ya tarar, haka aka yi masa. Amma sani daban, abin da kunne ke so daban. Sahabi da ya zo bayana da shekara shida, sunansa kamar a kansa aka fara raɗa suna. “Sahabi, kawo buta.” “Sahabi, taho ka ci ɗan kifi.” Ina bayan rumbu ina gyaran ƙotar fartanya, ina ji.

Da aka zo ɗaukar yara makarantar boko, Baba ya miƙa Sahabi, ya riƙe ni. A lokacin har tausayin yaron aka riƙa yi. Inna ta ce wa maƙwabciyarta, ina jin ta ta bayan zana, ai mai amfani a gona ba a ba gwamnati shi. Na kwana uku ina jin daɗin maganar nan, wauta ke nan.

Gonarmu tana fadamar Zauro. Da an sallame asuba muke fita, raɓa na jiƙa ƙafar wando, kwaɗi ba su gama surutunsu ba. Da rani a yi kaftu, ƙasa baƙa mai tauri, sai ka daka mata garma ta dawo maka da zafin har kafaɗa. In ruwan sama ya sauka a yafa iri, sannan a zuba wa gulbi ido. In ya cika a hankali, shinkafa takan bi shi tana tsawo, ruwa na hawa tana hawa. In ya zo da gaggawa, shi ke nan, sai wata shekara. Yau ina ganin yara da injin ban ruwa suna noma sau biyu har sau uku a shekara, shinkafar tasu gajera, ba ta san gulbi ba, gulbi bai san ta ba. Mu sau ɗaya ne, kuma ba a hannunmu yake ba.

Wata shekara, ina sabon aure, ruwa ya zo da haukansa. Cikin kwana biyu fadama ta shafe, ba ka gane gonar wani daga ta wani. Mutane suka haƙura suka koma gida. Ni dai zuciyata ta ƙi, na ari jirgin wani masunci na tuƙa zuwa inda nake zaton gonarmu take. A wani lungu kusa da tsohuwar giginya sai na ga 'yan ganyayyaki kore sun leƙo saman ruwa, su kaɗai a duk faɗin wurin. Na kafa sanda na ɗaura tsumma. Na yi ta zuwa ina duba su har ruwa ya janye, suka yi kai, suka nuna. Da na yanke su ban cika hulata ba. Na zuba a ƙaramin tulu da toka, na liƙe bakin da laka, na kai ɗakin Inna na ce kada a taɓa. Shekara ta zagayo na shuka su daban a gefe. Damina uku ina wannan aiki, ina zaɓen kan da ya fi tsawo da nauyi, ina jefar da sauran cikin na ci. Tsuntsayen jan-baki suka ɗora mini karan tsana, sai na ja igiya na rataya gwangwanaye, in wuni a tsaye cikin ruwa ina ja ina ihu har muryata ta dushe. Matsattsaku kuwa sun sha jinina sun ƙoshi, tabonsu na nan a ƙwaurina. Abokaina suna ce mini mai kiwon shinkafa. A damina ta huɗu ta cika gonar, doguwa, kai kamar wutsiyar doki, ruwa ya zo ya yi iyakar yinsa ta tsaya. Ranar da muka yi bugu Baba ya ɗebi ɗan kaɗan ya murza a tafin hannu, ya hure, ya ciji ƙwaya ɗaya. Bai dube ni ba. Ya juya wajen Inna da ta kawo mana fura ya ce, “Wancan ya yi ƙoƙari.” Ban taɓa samun abin da ya kai wannan daga gare shi ba.

Malamin gona na yankinmu shi ya matsa wa Baba a kai ta nunin amfanin gona a Argungu, a makon da ake taron kamun kifi. Muka hau babbar mota mu uku, ni da Baba da Sahabi. Sahabi yana hutu daga kwalejin horon malamai, ya sha farin kaftani da aka goge da dutsen gawayi, ga biro biyu a aljihun gaba. Ni kuwa rigar gona ce a jikina, don ni zan ɗauki damin a ka daga tasha zuwa fili, kuma ƙaiƙayi ba ya barin tufa mai kyau. Garin ya cika ya batse. Ko'ina masunta ne da manyan goruna da homa a kafaɗa, kiɗa na tashi daga bakin gulbi, ƙamshin soyayyen kifi har cikin maƙogwaro. Aka jera albasar Augie manya-manya, aka jera gero da dawa da kabewa, muka kwance namu damin a kan tabarma. Alƙalai suka zo da takardunsu, suka ɗaga, suka auna tsawon kara da sanda, suka yi ƙus-ƙus, suka wuce. Can sai ga su sun dawo sun ɗaura jan ƙyalle, alamar wanda ya zo na ɗaya, a damin nawa.

Sai ga ɗan jarida, wani siriri mai Hausar Kano, da akwatin ɗaukar hoto rataye a wuya da ɗan littafi a hannu. Ya durƙusa ya gaida Baba.

“Baba, kai ka samar da wannan iri?”

Baba mutum ne da ba ya cin haƙƙin kowa. Ya ce, “A'a, ba ni na ba. Aikin yaron gida na.”

“Madalla. Wane yaron? Mene ne sunansa?”

Ina tsaye taki uku daga wurin, igiyar damin na hannuna. Na ga Baba ya sunkuyar da kai. Ya gyara hula. Ya yi tari. Ga dattawan Zauro biyu a gefensa, ga malamin gona, ga jama'a sun kewaye.

“Cikin ɗiyan gida dai,” in ji shi.

“Baba, jarida ba ta buga ɗiyan gida. Suna nake so.”

Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya waiga kamar mai neman hanyar fita, sai idonsa ya faɗa kan farin kaftani. Ya ce, “Sahabi, taho ka yi mai bayani, kai ka san boko.”

Na sani, kuma har gobe zan rantse, nufin Baba Sahabi ya faɗi sunana, tunda shi bakinsa ba zai iya ba. Amma ɗan jaridan nan baƙo ne, ba ɗan gidanmu ba, kuma sauri yake. Yana jin suna ya rubuta. A daidai lokacin aka ɗauki guɗa daga bakin gulbi, wai za a fara auna manyan kifaye, mutane suka fara gudu. Ya ce, “To, Baba tsaya nan, Malam Sahabi riƙe zangarniyar nan, ɗaga ta sama.” Ya dube ni ya ce, “Mai kaya, ɗan matsa kaɗan, kana shiga hoton.” Na matsa. Na ga Sahabi ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai mutumin ya ce a yi murmushi, ya yi murmushi. Ƙyas! Kafin mu farga ya bi taron da gudu. Za ku ce me ya hana ni magana. A wancan zamanin ɗa ba ya tsoma baki uba na tsaye, balle ya nuna kansa ya ce ni ne. Na naɗe tabarma, na ɗaure damina, na ɗora a ka. Muka kamo hanyar gida.

Bayan mako guda jarida ta iso rumfar Malam Ango. Ina wurin, a can baya. Duba-gari ya yi gyaran muryarsa, ya karanta cewa wani matashi ɗan makaranta daga Birnin Kebbi, Malam Sahabi, ya haɗa ilimin zamani da noman gado ya samar da irin shinkafar da ambaliya ba ta cinyewa. Rumfa ta kaure da kabbara. Aka riƙa miƙa shafin hannu zuwa hannu ana kallon hoton, da ya iso kaina na ce idona na ciwo. Ranar Malam Ango bai yanka wuyan riga ba, mai tsire ma bai samu komai ba. Da kansa ya kai wa Baba jaridar har gida, Baba ya karɓa, ya sa a ƙasan akwatinsa na ƙarfe.

Kafin damina mutane suka fara sallama a ƙofar gidanmu, daga Zauro, daga Ambursa, har daga ƙauyukan Argungu. “Muna son a taimaka muna da 'yar Sahabi.” Ni nake shiga rumbu, ni nake auno musu da hannuna, su yi godiya su ce a gaida mai iri. Sunan ya bi ta har yau. Ko da gajerun nan na zamani suka kore ta daga yawancin gonaki, in ka sami tsohon manomi a lungun da ruwa ke zurfi, ka tambaye shi abin da ya shuka, abin da zai ce maka ke nan. Na taɓa ƙoƙarin kiranta doguwa kawai, ba wanda ya bi ni.

Daga nan ƙofofi suka yi ta buɗe wa Sahabi. Yana gama kwaleji ma'aikatar gona ta ɗauke shi, ko aji bai taɓa shiga ya koyar ba, don manyan can sun ga hoton. Aka ba shi babur. In ya shigo unguwa yara na bin sa da gudu, ni ina shigowa a bayansa da jaki. Fitowarsa ta biyu a jarida, ga shi tsugune a gonar albasa a Augie yana nuna wa manoma yadda ake dashe, Sahabin da sai da ya zo ya tambaye ni tazarar da ake bari tsakanin tushe da tushe. Ta uku an tura shi kwas an yi masa ƙarin girma. Duk Luba ta nuna mini su a wayarta, tana ja da yatsu biyu suna ƙara girma, tana cewa, “Kaka, dubi yadda yake da kyau da ƙuruciya.” Na ce na gani.

Ta huɗun ita ce ta fi ci mini rai. Baba ya yi shekara biyu a kwance. Sahabi na Sakkwato wurin aiki, yana zuwa ƙarshen wata da magani da lemo, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ni nake juya shi, ni nake ɗaukarsa in kai shi bayan gida, ni nake masa alwala. Ko a lokacin, in yana so na, sai ya ce a kira wancan. Da ya cika, abokan aikin Sahabi suka sa aka buga ta'aziyya, 'yar ƙarama a ƙasan shafi. Luba ta karanta mini: ya rasu ya bar 'ya'ya bakwai, cikinsu har da Malam Sahabi na ma'aikatar gona. To, ga ni nan a jarida, ina cikin bakwai.

Ta nuna mini yadda ta tsara littafin. Sahabi shafi shida, da hotuna. Ni layi ɗaya: babban wansa, manomi. A nan ne abin da na haɗiye shekara kusan hamsin ya taso. Na zaunar da ita na ba ta labarin tun daga giginya har zuwa jan ƙyalle, har na ɗage wando na nuna mata tabo. Ta saurara da ladabi, amma na ga idonta, irin kallon da ake wa tsoho in ya fara ƙara gishiri.

“Kaka, ba wai na ƙaryata ka ba,” in ji ta. “Amma an koya mana ba a sa abu sai da shaida. Jarida ta ce shi ne. Manoma ma sunansa suke kira. Akwai wanda ya gani?”

Na fara lissafi. Baba ya tafi, Inna ta tafi, malamin gona ya tafi, dattawan Zauro sun tafi, uwargidana da ta ga wahalar ta riga ni. Saura mutum ɗaya.

Ta ce, “In ya faɗa da bakinsa zan gyara. Amma jibi zan kai wa masu bugawa.”

Wato in ban samu bakin Sahabi ba, jikokina da jikokinsu za su buɗe littafi su ga layi ɗaya. Na aika Zauro aka gaya wa babban ɗana ya zo da akori-kurarsa da safe. Shi ke riƙe da gonar shekara ashirin ke nan, tun da gwiwoyina suka ƙi, kuma shi kaɗai ne a cikin 'ya'yana bai bar lungun giginya ya rabu da doguwa ba. Can yake zaune da iyalinsa, mutum ne marar yawan magana. Ya iso da laka a ƙafa, ya gaishe ni daga nesa, ya buɗe mana ƙofa. Luba ta shiga tsakiya da wayarta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Sahabi a Argungu ya yi gida bayan ya yi ritaya. Duk tsawon hanya ina shirya maganata. Na shirya abin da zan ce in ya musa, na shirya abin da zan ce in ya ce ya manta, har rantsuwar da zan ba shi na tanada. Muka same shi a zaure kan kujerar roba, ƙafarsa ɗaya a kumbure bisa matashi, ciwon suga ya rage shi. Yana ganina ya yi yunƙurin tashi.

“Yaya! Kai da kanka? Mi ya hwaru?”

Na ƙi zama sai da na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce ya gaya wa jikarsa, tsakaninsa da Allah, wa ya samar da shinkafar nan.

Ya dube ni, ya dubi Luba, sai ya fashe da dariya har da tari.

“Af! Wanga shi ya taso ku tun daga Birni? Luba, rubuta. Shinkahwa ta Yaya ta, tun daga ƙwaya ta hwari. Ni a lokacin ko lauje ban iya riƙo ba. Zangarniya kawai anka ba ni in ɗaga.”

Shi ke nan. Abin da na ɗauka a ƙirji tun ina matashi, ya miƙo mini shi kamar ɓarin goro. Duk maganar da na shirya ta tashi a banza.

Na ce, “To mi ya hana ka hwaɗi, shekara da shekaru?”

Ya daina dariya. “Wa ya tambaye ni, Yaya? Ranar na so in yi magana, mutumin ya gudu. Daga baya na ji kunya. Kuma kai ba ka taɓa cewa komi ba, sai na ɗauka ba ka damu ba.”

Ban damu ba! Ku ji fa. Har wannan sauƙin zuciyar tasa sai da na ji ina kishi, shi ya yi barcinsa lafiya duk shekarun nan.

Luba dai jikinta ya yi sanyi. Ta ce in yafe mata, ta ciro littafin rubutu, ta buɗe sabon shafi, ta rubuta sunana a sama da manyan baƙaƙe, ta juyo da shi na gani. Ba zan ɓoye ba, daɗi ya kama ni har na ji kunya. Ta yi ta tambaya ina ba ta amsa, shekarar ruwa, tulun toka, gwangwanaye. Sahabi na ƙara mata abin da na manta. Sannan ta ce, “Saura zuriya. Kaka, lissafo mini 'ya'yanka, daga babba zuwa ƙarami.”

Na gyara zama na fara. Na ce Aminu, yana koyarwa a Jega. Na ce Hajara, tana aure a Gwandu. Na ce Nasiru da Balkisu da auta Murtala. Tana rubutawa tana maimaitawa.

“Su biyar ke nan. Shi ke nan?”

Na ce, “Shi ke nan.”

Ta rufe biro, ta leƙa bakin ƙofa inda babban ɗana ke zaune a kan dakali tun isowarmu, ta ce wa wata yarinyar gidan, “Don Allah a kai wa direban nan ruwa, tun ɗazu yake zaune.”

Ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe rigarsa. Ya ce, “A bar shi, na gode. Bari in duba mota.” Ya fita.

Sahabi ya dube ni, ba dariya a fuskarsa ko kaɗan.

“Yaya,” in ji shi, “su shida na.”

Ban san lokacin da na tashi ba, ni da sai an kama ni nake miƙewa. Na dafa bango na isa bakin ƙofa. Yana tafiya wajen motar, ya ba ni baya, furfura ta fara cin ƙeyarsa, ban taɓa lura ba. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Ni na raɗa masa sunan nan da kaina shekara hamsin da suka wuce, a kunnen liman, ban ƙara furta shi ba. Na tattara ƙarfina na ce, “Haliru.”

Bai ji ba. Na ɗaga murya, har masu wucewa suka juyo.

“Haliru!”

Ya tsaya. Ya dubi hagu, wajen masu sayar da kifi. Ya dubi dama, wajen 'yan acaba. Ya ɗan jira, yana neman wanda ya san shi a garin nan. Bai waiwayo inda nake ba, ya ci gaba da tafiya.